Sabella da Riftia: ko zaman bututu ya sa sun zama iri ɗaya?

Malama, barka da war haka. Kin turo mana hotuna biyu, kika ce ɗalibanki sun tsare ki da tambaya ko tsutsa iri ɗaya ce, tunda kowacce tana zaune a cikin bututu ta leƙo da kai. Ta hoton farko, wadda ta buɗe kamar fure a kan sanda, ga dukkan alamu Sabella spallanzanii ce, ta Bahar Rum. Ta biyun, fararen bututan nan masu jajayen kawuna da suka yi cincirindo a cikin duhu, ita ce Riftia pachyptila, ta ƙasan Tekun Pasifik. Dangi ne, amma na nesa. Kuma bambancin da ya fi girma hoto ba ya nuna shi: Sabella tana da baki da hanji, Riftia kuwa idan ta girma ba ta da ko ɗaya.

Dangantakar tasu ba daga bututun take ba. Tsutsotsin teku da yawa sun kama zaman bututu ba tare da sun gaje shi daga kaka ɗaya ba. Abin da ya haɗa su shi ne jiki mai gaɓa-gaɓa da gashi mai tauri a gefen gaɓoɓin, wato gidansu ɗaya da tanar da muke haƙowa da damina, da kuma matsattsaku. Tana ma tana da gashin, sai dai ɗan kaɗan ne kuma gajere. Ki ɗora babba a kan busasshiyar takarda, ki sa yara su yi shiru su kara kunne, za su ji yana karce takardar idan ta motsa. A jikin Sabella abin a fili yake: gaɓoɓi wajen takwas a sashen ƙirji, sannan wasu masu yawan gaske har zuwa wutsiya, kowacce da tufkar gashi da ƙananan ƙugiyoyi da take maƙale bangon bututu da su. Riftia kuwa sai an bi ta har can ƙarshen wutsiya kafin a ga gaɓoɓi da ƙugiyoyi. Shi ya sa masana suka daɗe suna ware ta da 'yan'uwanta a rukuni na daban, kafin binciken ƙwayoyin gado ya maido da su gida.

Bututun ma da ya sa aka ɗauka iri ɗaya ne, gininsa ya sha bamban. Sabella tana kwaɓa nata ne da yauƙin jikinta da lakar da ta tace daga ruwa, sai ya fito da launin toka ko na ƙasa, yana lanƙwasuwa kamar fata. Yakan kai santimita 40, wani lokaci ya fi haka. Riftia ba ta ɗaukar ko ƙwayar yashi daga waje. Jikinta ne yake fitar da sinadarin kaitin, irin wanda yake a ɓawon kaguwa da na fara, haɗe da furotin, ya zama farin bututu mai tauri, faɗinsa kamar santimita 4, tsawonsa kuma yana iya wuce mita 2.

Yanzu ki dubi abin da ya leƙo daga bakin bututun, don a nan zancen yake.

Furen kan Sabella gashin fuka-fukai ne sirara, jere a murɗe, da zanen ruwan lemo da fari da shunayya. Kowane sili yana da ƙananan rassa hagu da dama, a kan rassan kuma akwai gashin da ido ba ya gani, wanda yake kaɗawa ba dare ba rana. Kaɗawar ce take jawo ruwa ya ratsa ta tsakanin rassan. Duk abin da ya maƙale, ƙananan tsirran ruwa ne, ko bakteriya, ko ɓurɓushin matattun halittu, sai ya gangara ta wata siririyar kwata a tsakiyar silin har zuwa gindi. A can ake tankaɗe, kamar mace da rariya. Masu laushi su wuce baki. Matsakaita a ajiye su a wasu jakunkuna biyu, a gauraya da yauƙi a ƙara tsawon bututu. Tsakin kuwa a watsar da shi. Da furen nan take numfashi kuma, don haka aiki biyu yake yi mata. Idan inuwa ta gifta ko ruwa ya girgiza, kafin ƙiftawar ido ta shige ciki, saboda wata jijiyar saƙo mai kauri da ta bi tsawon jikinta. In kifi ya riga ta ya gutsire furen, wani yakan sake tsirowa.

Akwai tambayar da na san wani ɗalibi zai jefo miki: bututun a toshe yake ta ƙasa, dubura kuma tana can wutsiya, to ina kashin yake bi? Akwai wata kwata mai gashi da ta taso daga dubura ta bi ta cikin tsutsar, idan ta iso ƙirji sai ta karkata ta koma ta baya, ta fitar da kashin a bakin bututu nesa da inda abinci yake shiga. Ni dai a duk tsarin jikinta babu abin da ya fi burge ni kamar wannan juyin.

Jan kan Riftia ba ya kama komai. Ba ya tace ko ƙwaya ɗaya, domin babu bakin da za a kai wa. Aikinsa zuƙo abubuwa uku daga ruwa: iskar oksijin, da iskar kabon, da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda take ɗauke da farar wuta. Jini ya kwashe su ya kai cikin gangar jiki, inda wata tsoka mai laushi ta cika wurin da hanji ya kamata ya kasance. Tsokar nan maƙil take da bakteriya. Su ne suke ƙona iskar farar wutar su sami ƙarfi, su yi amfani da shi wajen mayar da kabon abinci, aikin da ganye yake yi da hasken rana. Tsutsar tana shan abin da suka fitar, tana kuma narkar da wasu daga cikinsu.

Yadda aka gano hakan ma labari ne. A 1977 masu binciken duwatsu suka nutse a cikin ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin, kusa da tsibiran Galapagos, zurfin wajen mita 2,500. Maɓuɓɓugan ruwan ɗumi suka je nema, ba wanda ya yi zaton tarar da halittu jingim a wurin. Meredith Jones na cibiyar Smithsonian, wanda ya raɗa wa tsutsar suna a 1981, ya feɗe ta ya ga ƙwayoyin farar wuta a cikin tsokar nan. Yana ba da wannan bayani a wata lacca a Jami'ar Harvard sai wata ɗaliba, Colleen Cavanaugh, ta ce lallai akwai bakteriya masu cin farar wuta a ciki. Aka duba, haka ɗin ne.

Jininsu ma ya rabu. Iskar farar wuta guba ce, tana toshe numfashin ƙwayoyin jiki. Himoglobin ɗin Riftia, wato sinadarin da yake ɗaukar oksijin a jini, yana da wurin riƙe oksijin daban, wurin riƙe gubar daban, sai ya ɗauko su tare ba tare da sun haɗu ba, ba tare kuma da tsutsar ta cutu ba. Shi ya rina kanta ja wur. Sabella kuwa sinadarin jininta wani ne, wanda idan aka tsarma shi yake komawa kore.

Sau da yawa za ki ji ana cewa Riftia ba ta buƙatar rana sam. A yi hattara da wannan magana a aji. Gaskiya ne abincinta bai fito daga hasken rana ba, amma oksijin da bakteriyar suke ƙona farar wutar da shi tsirrai ne suka samar da shi a sama, ruwan sanyi ya gangaro da shi ƙasa. Haka kuma ba a cikin tafasasshen ruwa take zaune ba. Bakin maɓuɓɓugan masu baƙin hayaƙi yana kai maki 350 a ma'aunin Salshiyas, wanda zai dafa ta nan take. Ita tana zama ne inda ruwan ɗumi yake tsatsowa daga tsagar dutse ya gauraya da ruwan teku mai sanyin maki 2, zafin bai cika wuce 30 ba. Dole sai a wannan iyaka, don a nan kaɗai ake samun farar wuta da oksijin a lokaci guda. Nauyin ruwan da yake kanta ya ninka na iskar da muke ciki sau 250.

Mazaunin Sabella ba shi da wannan tsanani. Ruwa marar zurfi take so, daga gaɓa zuwa kamar mita 30, musamman tashoshin jiragen ruwa inda ruwa ya lafa kuma datti ya yawaita, tunda dattin abinci ne a wurinta. Tana manne wa dutse, da ginshiƙan gada, da cikin jirgi. Wannan rashin zaɓen ne ya mai da ita annoba. Jirage suka kwashe ta daga Turai zuwa Ostareliya, ta mamaye mashigin Port Phillip kusa da Melbourne, a 2008 kuma aka gan ta a tashar Lyttelton ta Niyu Zilan. Inda ta yi yawa takan cinye abincin da kawa da sauran masu tace ruwa suke dogaro da shi, ta kuma rufe kayan masu kiwonsu.

Riftia ba ta da irin wannan sa'a. A gabashin Pasifik kawai aka san ta. Maɓuɓɓugan tsakiyar Atlantika ba su da ita. Gidan nata kuma ba ya daɗewa, aman wuta zai iya binne shi, ko tsagar ta toshe, duk garken ya mutu. Don haka take sauri. Bayan wani aman wuta a ƙasan teku kudu da Meziko a 1991, masu bincike sun koma wurin suka tarar da bututan da suka kai mita ɗaya da rabi cikin ƙasa da shekara biyu. Kuma uwa ba ta gadar wa 'ya'yanta bakteriyar. Jaririyar tana yawo a ruwa, sai ta sauka a sabuwar maɓuɓɓuga. A wannan matakin tana da ɗan ƙaramin baki da hanji, sai bakteriyar su shiga ta fatarta, tsokar nan ta ginu, bakin da hanjin su shafe.

Idan darasin tsarin jikin tsutsa mai gaɓa-gaɓa za ki koyar, Malama, ki ɗauki Sabella tare da tana, domin duk abin da littafi ya lissafa yana nan a jikinsu: baki, hanji, gaɓoɓi, gashi. Riftia ta zubar da yawancinsu, za ta rikita yaran da suke farawa. Ki ajiye ta sai kun zo babin zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka tsakanin halittu, ko babin yadda ake haɗa abinci ba da hasken rana ba.