Sharhi kan manhajar ƙirga kalori da sikelin kicin ga mai son rage ƙiba

Manhajojin ƙirga kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) da ake saukewa a waya kusan duk aikinsu ɗaya ne. Ka shigar da shekarunka da tsawonka da nauyinka, su yanka maka adadin da za ka ci a rana, kai kuma ka riƙa rubuta duk abin da ya shiga bakinka. Na yi amfani da irin ta kyauta, na haɗa ta da ƙaramin sikelin kicin mai awon giram. Hukuncina shi ne kayan biyu sun cancanci a gwada su ga duk mai neman tsarin cin abinci da zai iya riƙewa shekara da shekaru, da sharaɗin ya san wuraren da manhajar ke kuskure, ya kuma san lokacin da zai ajiye ta.

Adadin da take ba ka ba duba ba ne, lissafi ne. Da yawa daga cikinsu suna amfani da ƙa'idar Mifflin-St Jeor ta shekarar 1990: nauyi a kilo sau 10, a tara da tsawo a santimita sau 6.25, a cire shekaru sau 5, sannan namiji ya ƙara 5, mace ta cire 161. Mace mai shekara 35, kilo 85, tsawo santimita 165, za ta samu kusan kalori 1,545, abin da jikinta ke ƙonawa ko tana kwance. Idan tana ɗan motsa jiki sai a ninka da 1.375, ya zama wajen 2,125. A rage 500, ya saura 1,625. Wannan giɓin na 500 a rana yana sauke kusan rabin kilo a mako, tunda kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kimanin kalori 7,700.

Tarkon farko yana nan a shafin rajista. Manhajar za ta tambaye ka kilo nawa kake so ka sauke a mako, kuma kowa hannunsa kan mafi girma yake zuwa. Zaɓin kilo ɗaya zai cire wa waccan matar kalori 1,000 ko fiye, ya bar ta da abin da bai kai 1,200 ba. Mako biyu za ta jure, na uku yunwar dare ta kayar da ita, ga tsoka da ke zubewa tare da kitsen. Saurin rama fiye da kilo ɗaya da rabi a mako ma yana ƙara haɗarin tsakuwa a maɗaciya. Rabin kilo ya isa.

Sikelin shi ne ya fi burge ni, nesa ba kusa ba. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sitaci da na furotin kuwa 4 kowanne, saboda haka kuskure a kan mai ya fi kowane kuskure tsada. Babban cokali ɗaya na man girki giram 14 ne, kalori 120. Mai girki ya karkata kwalba a tukunya yana cewa “ɗan mai kaɗan”, a ɗora kwalbar a sikeli kafin da bayan zubawa sai a ga giram 40 ko 50 sun tafi, wato kusan duk giɓin ranar. Gyaɗa ma haka: giram 100 ya haura kalori 560, kuma tafin hannu biyu a gaban talabijin ba ya shiga lissafin kowa. Gwangwanin lemo mai milita 330 yana ɗauke da sukari wajen giram 35, kalori 140, kuma ba ya rage yunwa ko kaɗan.

Akwai dabarun awo biyu da ke sauƙaƙa aikin. Ɗora faranti, danna maɓallin sifili, zuba shinkafa, rubuta, sake danna sifili, zuba nama, rubuta. Faranti ɗaya ke nan, ba tarin kwanukan wanki ba. Idan kuma tukunyar gida ce ta mutane da yawa, auna kayan tun suna ɗanye, tara kalorinsu, auna nauyin abincin gaba ɗaya bayan ya dahu, sai ka raba. Tukunyar da ta ɗauki kalori 3,000 ta fito da giram 2,000, kowane giram 100 kalori 150 ne. Manhajar na ajiye wannan, gobe sai dai ka auna rabonka kawai.

Babban aibin manhajar yana cikin rumbun abincinta. Da yawan bayanan masu amfani da ita ne suka shigar, ba wanda ya tantance. Ka rubuta shinkafa, ta jero maka sakamako barkatai. Ɗanyar shinkafa giram 100 kusan kalori 360 ce, dafaffiya kusan 130, domin ta sha ruwa. Wanda ya auna ɗanya ya zaɓi bayanin dafaffiya ya ci kusan ninki uku na abin da ya rubuta. Nama kuwa akasin haka ne, ruwa yake fitarwa, nauyinsa ya ragu a wuta. Hanyar gane bayani na bogi ba wuya: ninka sitaci da furotin da 4, mai da 9, ka tara. Idan jimillar ta yi nisa da kalorin da aka rubuta, bar shi ka nemi wani.

Wani abu da ya kamata a kashe a manhajar tun ranar farko shi ne mayar da kalorin motsa jiki cikin kason abinci. Agogon hannu mai ƙirga motsin jiki ya ce ka ƙona 400, manhaja ta ce to ci 400. A wani bincike na Jami'ar Stanford a 2017, agogon da ya fi kowanne daidaito wajen ƙiyasin kalori ya kauce da kashi 27 cikin ɗari, mafi muni kuwa da kashi 93. A yi tafiyar ƙafa saboda zuciya da tsoka, minti 150 zuwa 300 a mako kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, amma kada a ci ladanta a faranti.

Sai kuma jerin tsare-tsaren da manhajar ke tallatawa, galibi a sashen da ake biya: mai ƙarancin sitaci irin keto, mai ƙarancin mai, da na ƙayyade lokacin ci zuwa awa 8 a rana. Ban ga dalilin biyan kuɗi don wannan ba. Binciken DIETFITS da aka buga a 2018 ya bi mutum 609 tsawon wata 12. Masu rage mai sun sauke matsakaicin kilo 5.3, masu rage sitaci kilo 6, bambancin da masu binciken suka ce bai taka kara ya karya ba. A Guangzhou ta ƙasar Sin, an gwada mutum 139 a wani bincike da ya fito a 2022, aka ga ƙayyade lokacin ci bai ƙara wani abin a zo a gani ba kan rage kalori kaɗai. Keto na ruɗin mutane ne a makon farko, don kowane giram na sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita, sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi. Ranar da aka ci burodi su dawo. Tambayar da ta dace ita ce wane tsari ne zai yiwu a teburin da kake ci da iyalinka, da ranar biki, da ranar tafiya.

Inda manhajar ta taimaka sosai wajen zaɓen tsari shi ne shafin da ke nuna furotin da fiba, wato ɓangaren hatsi da ganye da ciki ba ya narkarwa. Su biyun ne ke riƙe ciki. Mai rage ƙiba ya nemi furotin giram 1.2 zuwa 1.6 kan kowane kilo na nauyin da yake son kaiwa, a rarraba shi a kan abinci uku. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, dafaffen ƙirjin kaza giram 100 yana da kusan 31, dafaffen wake giram 100 yana da wajen 8 ga fiba a kai. Fiba a nemi giram 25 a rana, kayan lambu da 'ya'yan itace giram 400. Sai dai a ƙara fibar a hankali a kuma sha ruwa, in ba haka ba kumburin ciki zai sa a fasa. Abincin kamfani da aka sarrafa sosai yana lalata wannan lissafi: a gwajin mai bincike Kevin Hall na 2019 a Amurka, mutum 20 da aka bari su ci son ransu sun ci ƙarin kusan kalori 500 a rana a makonnin da aka ba su irin wannan abinci.

Nauyi yana hawa da sauka da kilo ɗaya ko fiye tsakanin yau da gobe, saboda gishiri, al'adar mata ko bayan gida. A hau sikeli da safe bayan an zaga, kafin a ci komai, a riƙa duba matsakaicin mako. Idan ya tsaya cik mako uku, a fara bincikar mai da abin sha da ciye-ciyen da ba a rubuta ba, sannan a sake lissafin da sabon nauyi, tunda ƙaramin jiki ƙaramin ci yake buƙata.

Bayan wata biyu ko uku, ido ya riga ya san girman giram 150 na shinkafa da cokalin mai na gaskiya. Daga nan rubuta kowace loma wahala ce da ribarta ta ragu, kuma ita ce ke sa mutane su watsar da komai. Gara a koma awon faranti: rabi kayan lambu, kwata furotin, kwata sitaci, mai a auna da cokali. A dawo da manhajar na mako guda duk lokacin da nauyi ya fara hawa.

Ba kowa zan ba shawarar ya sauke ta ba. Mai juna biyu, mai shayarwa da yaro mai tasowa ba sa cikin wannan lissafi. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan maganin da ke sauke sukari ya ga likita kafin ya rage ci, don sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa warwas. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin da kansa. Wanda kuma ya ga ƙirgen ya fara hana shi cin abinci da mutane, ko yana jin laifi idan ya haura da kalori 50, ya goge manhajar ya nemi ƙwararren masanin abinci.