Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci a Garwa: ku kula da masu canjin injakta

Salamu alaikum jama'a. Abin da ya same ni ne zan faɗa muku, don na ji ba ni kaɗai aka yi wa ba.

Motata Toyota Carina E ce, ƙirar 1995, irin waɗanda suka cika titunan Garwa. Tun da zafin bazara ya kama nake jin warin fetur duk lokacin da na tsaya, mai kuma yana ƙarewa kamar tanki ya huje. Na kai ta wani gareji a bakin hanyar Marwa. Ba zan kama suna ba, maganar tana hannun manya.

Makaniken ya ɗaga bonet, ya shinshina, ya kaɗa kai. "Alhaji, injakta huɗun nan duk sun mutu." Injakta ita ce 'yar na'urar da ke fesa wa injin fetur. Wai don in gani da idona, ya tayar da mota, ya zare wayar injakta ta farko, injin ya kama rawa. Ya mayar, ya zare ta biyu, haka. Har huɗu. "Ka gani ko, Alhaji?" Na ce na gani. Ya ce akwai sababbi da aka kawo masa daga Duwala, ya fito da kwalaye masu sheƙi. Muka daidaita a sefa 80,000, ya ce in dawo bayan la'asar.

Kwana uku tsakani, ranar Lahadi, ina hanyar kasuwar Pitowa da iyali a mota, warin ya dawo ya fi na da. Na tsaya na buɗe, fetur ya jiƙa saman injin yana tururi. Ga salansa da zafi, ga yara uku a baya. Allah ne ya tsare.

Wani dattijon makanike a unguwarmu, wanda duk muke kira Baba, shi ya fasa ƙwan. Da ya ciro bututun da injaktocin ke maƙale a jiki, sai na hango wata 'yar waya a wuyan ta uku. Ni na ɗaure ta da hannuna bara, da maƙallinta ya karye. Ashe tsofaffin injaktocina ne. Wanke su aka yi, aka goge, aka mayar. Zoben robar da ke bakin kowace injakta kuwa tsofaffin ne, sun bushe sun tsattsage, an shafe su da gam. Fetur yana cinye irin wannan gam, shi ya sa ya riƙe kwana uku kawai.

Na ba Baba labarin zare waya, sai da ya yi dariya har ya zauna. Ya ce, "Ɗana, ai shaidar lafiya ya nuna maka. In ka zare wayar injakta injin ya yi rawa, tana aiki ke nan. Wadda ka zare injin bai ko motsa ba, can ne za ka nemi matsala." Da gaskiya aka yi mini ƙarya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Yoyon injakta iri biyu ne, kuma ɓarayin nan suna cin kasuwarsu ne don ba mu bambance su. Akwai na waje: roba ta sama ta tsufa da zafi, fetur yana tsatsowa, kana jin wari, kana ganin danshi. Wannan roba kawai ake canzawa, a shafa mata ɗan baƙin mai mai tsabta kafin a tura, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sai na ciki: allurar injakta ba ta rufewa sosai, fetur yana ɗiga cikin silinda bayan an kashe mota. Alamarsa, in ta yi zafi ka kashe, tashinta sai da wahala, ga baƙin hayaƙi, buji ɗaya ya yi baƙi ya jiƙe. In ka zaro sandar awon baƙin mai ka ji warin fetur, ko ka ga man ya ƙaru maimakon ya ragu, kada ka ƙara tafiya. Man ya tsinke, zai ci maka injin.

A gabana Baba ya yi gwajin. Ya sa mitar awon lantarki a kan kowace injakta. Irin na motocin nan suna nuna om 12 zuwa 16, nawa duk suna ciki. Ya ɗaura gejin awon matsi a bututun mai, allurar gejin ta hau wajen bar 3, ya kashe, ta tsaya ba ta zube ba. Ya sa famfon mai ya tashi ba tare da injin ba, ya shimfiɗa farar takarda ƙarƙashin bakunan, ko ɗigo ɗaya. Kafin duk wannan sai da ya sauke matsin man, ya kori wani yaro da ke shan taba a kusa.

Ya kuma yi mini faɗa kan zuwa-zuwa, wato man kwalba. Kowa ya san dalilin da ya sa muke sayen man kwalba a bakin titi, ko da yake tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 arhar ta ragu. Amma ƙura da ruwan da ke cikinsa su ke hana allurar injakta zama daidai. Mai shan sa ya riƙa canza matatar mai a kan kari.

Don haka in an ce maka injakta ta mutu, kada ka bar motar ka tafi. Ka sa alama a jikin naka da ƙusa ko fenti, a gwada a gabanka, a buɗe ledar sababbin robobi kana kallo, tsofaffin kayanka kuma a damƙa maka a hannu. Wanda ya ce ba shi da mita, ko ya ce tsofaffin an zubar, ka ɗauki makullinka.

Na koma garejin da Baba da injakta ta ukun a hannu. Da farko ya rantse, da ya ga wayar ya ce yaronsa ne ya yi kuskure. Ya mayar da 30,000, sauran wai ƙarshen wata. Kwalayen nan masu sheƙi suna nan a kan kantarsa, na ƙirga su, huɗu cif.