Nepal ko Bhutan: Wacce Za a Fara Zuwa?

Malam, ka ce kai da maiɗakinka kuna da hutun kwana goma, kuna sha'awar ganin duwatsun Himalaya, amma kun rasa zaɓi tsakanin Nepal da Bhutan. Shawarata ita ce ku fara da Nepal. Ga dalilina.

Ƙasashen biyu duk suna maƙale tsakanin Indiya da China, babu wadda ta taɓa teku, amma yadda suke karɓar baƙo ya sha bamban. Nepal, mai mutane kusan miliyan 30, ƙofarta a buɗe take, akwai masauki daidai aljihun kowa. Bhutan kuwa, da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba, sai a 1974 ta fara barin 'yan yawon buɗe ido su shiga, kuma har gobe da gangan take taƙaita su. Baƙo irinku yana biyan gwamnati dala 100 a kan kowane dare, ban da dala 40 na biza, ban da otal, abinci, mota da ɗan jagora. Ku biyu, dare goma, dala 2,000 ke nan tun ba ku sha ko shayi ba. Ban ga laifinsu ba, da kuɗin suke kula da dazuzzuka da makarantu da asibitoci, amma gara ka san lissafin tun daga gida.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne biza. Za ka ji ana cewa a filin jirgin Kathmandu, babban birnin Nepal, ake buga bizar ƙasar. Haka ne ga yawancin ƙasashe, amma masu fasfon Najeriya, Ghana da Kamaru ba sa ciki. Dole ka nemi taka daga ofishin jakadancin Nepal tun kafin ka tashi, don haka kada ka yanki tikiti sai ta fito. Ta Bhutan ta intanet ake nema. Ku riƙe katin rigakafin cutar shawara tare da fasfo.

Hanya ma ta fi sauƙi zuwa Nepal, akwai jirage daga Doha, Dubai da Istanbul. Filin jirgin Paro na Bhutan yana cikin kwari ne tsakanin duwatsu, da rana kaɗai ake sauka, kuma Drukair da Bhutan Airlines ne ke jigila. Daga Kathmandu tafiyar kamar awa ɗaya ce, saboda haka in kuɗi sun yi saura za ku iya leƙawa dare uku, ku hau zuwa Taktsang, wurin ibadar 'yan Buddha da ke manne a jikin dutse sama da mita 3,000.

Batun ci da salla: Musulmin Nepal sun kai kusan kashi 5 cikin ɗari, akwai masallacin Juma'a a tsakiyar Kathmandu kusa da hasumiyar agogo ta Ghantaghar, kuma ana samun gidajen abincin halal. Dal bhat, wato shinkafa da miyar wake da ganye, yana ko'ina. A Bhutan Musulmi ƙalilan ne ƙwarai, naman alade kuma ya yawaita a girkinsu. Ku tsaya kan jar shinkafa da ema datshi, barkono ne da cuku, mai yaji na gaske.

Ku guji Yuni zuwa Satumba, damina ce, gajimare na rufe duwatsun, zaftarewar ƙasa na tare hanya. Oktoba da Nuwamba sun fi, sai Maris da Afrilu.

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne tsayi. Kathmandu tana kan mita 1,400, wannan ba komai. Amma sansanin gindin dutsen Everest yana kan mita 5,364, kuma iska na raguwa har mutum ya kama ciwon kai da amai, wani lokaci ya kai ga rasa rai. Tafiyar can da dawowa daga garin Lukla, inda ake soma takawa, kan ci kusan kwana 12 a ƙafa, kwananku goma ba za su isa ba. Ku nufi birnin Pokhara, ku hau tudun Sarangkot bayan sallar asuba, ku ga rana na faɗowa kan ƙanƙarar duwatsun Annapurna. Ku tafi da rigunan sanyi masu kauri da takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi.