Sayana Press: Allurar Wata Uku da Mace Ke Iya Yi wa Kanta

Sayana Press allurar tazarar haihuwa ce ta kamfanin Pfizer, kuma Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da aka fara rarraba ta tun daga shekarar 2014. Maganin da ke cikinta shi ne na Depo-Provera da mata suka daɗe da sani, sai dai an rage shi daga miligiram 150 zuwa 104, kuma a ƙarƙashin fata ake yin ta, ba a cikin tsoka ba, duk bayan mako 13.

Ƙirarta ta burge ni. Maganin da allurar a haɗe suke cikin 'yar robar da ba ta kai tsawon yatsa ba. A girgiza ta na daƙiƙa 30, a danna murfin ya haɗe da wuyanta, a tsunkuno fatar cinya ko ta ciki, a soka allurar, sannan a matse robar a hankali. Matar da aka koya wa tana iya yi a ɗakinta, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wadda asibiti ya yi wa nisa.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne yadda take aiki, domin daga nan amfaninta da illolinta suka fito. A kowane wata, wata 'yar halitta da ke ƙasan ƙwaƙwalwa tana sakin sinadaran FSH da LH, na farko ya sa jakunkunan ƙwai su girma a cikin ma'ajiyar ƙwan mace, na biyu kuma ya yi tashin da zai fasa jakar da ta riga ta nuna, ƙwai ya fito. Bayan haka ragowar jakar ce ke samar da sinadarin furojestaron, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa ta sassauta aika waɗannan saƙonni. Allurar kwaikwayon wannan sinadari take yi ba tare da yankewa ba, saboda haka LH ba ya samun damar tashi, jakunkunan ba sa kaiwa ga nuna, sinadarin istrojin da suke samarwa kuma ya zauna ƙasa. Tana kuma kaurara majinar bakin mahaifa, ta sa shimfiɗar mahaifa ta yi siriri.

Wannan ne dalilin rikicewar jinin al'ada. A watannin farko yakan riƙa ɗiga ba bisa lissafi ba, abin da ke damun mace a kan sallarta da azuminta, daga baya kuma ya ɗauke gaba ɗaya ga mata da yawa. Jinin ba taruwa yake yi a ciki ba, shimfiɗar ce ba ta ginu ba balle ta zuba. Ƙarancin istrojin yana rage ƙwarin ƙashi idan an daɗe ana yi, shi ya sa hukumar magunguna ta Amurka ta sa wa Depo-Provera gargaɗi mai ƙarfi a 2004. Ba ta kuma kare mutum daga cututtukan da ake ɗauka ta jima'i.

Babban aibinta a wurina shi ne jinkirin dawowar haihuwa, wanda kan kai kimanin wata 10 daga allurar ƙarshe, wani lokaci ya haura shekara, kuma ba kowace mace ake yi wa wannan bayani ba kafin a soma. Ga mai shayarwa da ta wuce mako 6 da haihuwa, tana son hutun shekara biyu ko uku, zaɓi ne mai kyau, tunda ba ta rage ruwan nono. Wadda ke son ɗaukar ciki baɗi kuwa, gara ta tambayi ma'aikaciyar lafiya wata hanyar da ake iya dainawa nan take.