PuckPedia: kafin ka ce wane kulob ne ya ci riba a musayar 'yan wasan NHL, leƙa nan tukuna

Masu bin NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, mu 'yan tsiraru, duk mun san irin kewar da aka yi a watan Yulin 2024 lokacin da CapFriendly, wani shafin intanet, ta rufe bayan kulob ɗin Washington Capitals ya saye ta, don can ne kowa ke zuwa duba kwantiragin 'yan wasa. Tun daga nan na koma PuckPedia, wani shafin mai irin wannan aikin, kuma gaskiya ta riƙe ni.

Ga wanda ya saba da ƙwallon Turai abun zai ɗan ɗaure masa kai, a NHL ba a sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi, musaya ake yi, ɗan wasa da ɗan wasa ko da gurbin zaɓen matasa na shekaru masu zuwa, sannan kowane kulob cikin 32 ɗin nan yana da iyakar albashin da ba zai wuce ba, dala miliyan 88 a kakar 2024-25, ta hau zuwa miliyan 95.5 a 2025-26. To kun ga kenan ko ɗan wasa ya kai wa ya kai, in albashinsa bai shiga ƙarƙashin iyakar ba magana ta mutu. Wannan lissafin shi ne aikin PuckPedia kuma wallahi ta iya shi. Ka buɗe shafin kulob za ka ga kowa da nawa yake ci daga iyakar, shekara nawa ta rage masa, wa ke da sharaɗin ba za a musanya shi ba sai da yardarsa, guraben zaɓe nawa suka rage wa kulob ɗin, har wakilin ɗan wasa suna sawa. Akwai kuma PuckGM inda kai da kanka za ka zama manaja ka haɗa musaya ka ga ko lissafin zai fita. Duk abun da na lissafa ɗin nan ban biya ko sisi ba na gani.

Inda na fi jin daɗinta shi ne kan maganar Mikko Rantanen. Janairun 2025 Colorado ta tura shi Carolina ta karɓi Martin Necas da Jack Drury, mutane da yawa suka yi ta tambaya me ya kawo Chicago cikin cinikin. Amsar tana cikin lambobi, Rantanen na cin miliyan 9.25 a shekara, Carolina ba ta da wurin ɗaukar wannan gaba ɗaya, sai Chicago ta ɗauke rabi, wanda shi ne ƙarshen abun da doka ta yarda a riƙe. In ba ka ga wannan ba sai ka ɗauka Chicago kawai shisshigi ta yi. Ba a yi wata biyu ba, ranar 7 ga Maris, Carolina ta sake miƙa shi Dallas ta karɓi Logan Stankoven da guraben zaɓen matasa na zagayen farko guda biyu da na zagaye na uku guda biyu, shi kuma ya sa hannu a shekara 8 kan miliyan 96. Nan ma kwantiragi ne ya yi magana, nasa zai ƙare a ƙarshen kakar, Carolina ta ga in bai sabunta ba zai tafi a banza ta tashi a tutar babu.

Amma fa a nan aikinta ya tsaya, kuma ina so a gane wannan sosai don na ga masu ɗauko hoton shafin suna yanke hukunci kamar an gama shari'a. PuckPedia za ta gaya maka musaya za ta yiwu ko ba za ta yiwu ba, da nawa ta ci. Ba za ta gaya maka Rantanen zai zura ƙwallo uku a kashi na uku na wasa na bakwai, wato wasan raba gardama tsakanin Dallas da Colorado a wasannin neman kofi, ya fitar da Colorado ɗin da ta sallame shi ba, kuma haka ya yi a watan Mayu.

Ku duba na Yulin 2022 ma. Florida ta ba Calgary Jonathan Huberdeau, wanda ya gama kaka da maki 115 (ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci), da MacKenzie Weegar da Cole Schwindt da gurbin zagayen farko, duk don Matthew Tkachuk. A takarda kowa cewa yake Calgary ta kwashi garaɓasa. Huberdeau ya sa hannu kan miliyan 10.5 a shekara, Tkachuk 9.5, duka shekara 8. Kakar da ta biyo Huberdeau ya faɗo maki 55, Florida kuma ta je ta ɗau kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, a 2024 ta sake ɗauka a 2025. Abun da lambobin suka nuna tun ranar farko, ga mai lura, shi ne shekaru, Tkachuk yana da 24 Huberdeau 29, wato ɗaya an sayi ƙuruciyarsa ɗayan za a biya shi har ya fara tsufa. Ni yanzu shekarun ɗan wasa da tsawon kwantiragi nake fara dubawa kafin makin bara.

Matsala ɗaya ga sabon shiga, shafin cike yake da gajerun haruffa irin su NMC (ba a musanya ɗan wasa sai da yardarsa) da LTIR (jerin masu doguwar jinyar rauni) da RFA (wanda kwantiraginsa ya ƙare amma kulob ɗinsa na da sauran iko a kansa), kuma ba Hausa, sai ka ɗan zauna ka koye su, a waya ma teburan suna da faɗi, ya fi daɗi a kwamfuta. Na ba ta huɗu da rabi cikin biyar, musamman a makon da za a rufe kasuwar musaya cikin Maris, lokacin ne za ka fi buƙatarta.