Matar da ta ƙi karɓar lambar sirrin Baba

Assalamu alaikum ƴan'uwa na Tawa, manya da yara. Ina gajiya, ina zafi? Mu nan Niyok lafiya lau, sai sanyi da kewar gida. Kullum tambayarku kuɗin haya da abinci, amma yau wani abu ne ya tsaya mini a rai, kuma sai na faɗa muku shi.

Wani dattijo mutumin Adar da muke sallah masallaci ɗaya a Buronks ya tare ni bayan azahar, baki har kunne. An turo masa saƙo ta imel cewa ɗansa da ke gida ya ci lotarin biza, a biya kuɗin takardu kafin mako ya fita. Har da tutar Amurka da hatimi a jiki. So yake a fitar masa da saƙon a takarda kafin ya tura kuɗin, ni kuma in yi masa tafinta. Muka nufi ɗakin karatu na unguwa, tunda can ake samun kwamfuta da intanet kyauta.

Ma'aikaciyar da muka tarar dattijuwa ce mai furfura, tabarau rataye a wuya. Baba ya zaro wata ƴar takarda da ta sha ninki daga aljihun riga, wadda aka rubuta masa adireshinsa da lambar sirri, ya miƙa mata da hannu biyu. Sai ta mai da hannuwanta baya. Ta ce in gaya masa wannan nasa ne shi kaɗai, ko ita bai halatta ta gani ba. Ta ja masa kujera, ta nuna masa inda zai buga, sannan ta juya fuskarta wajen bango. Baba da yatsa ɗaya yana laluben haruffa, ya kuskure, ya sake, ga mutane na jiran layi. Ba ta waiwayo ba sai da na ce mata ya shiga. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Abin da ya faɗo mini shi ne siber ɗinmu na gida. Yaron siber shi ke buɗe maka imel, shi ke zaɓa maka lambar sirri, ya rubuta a littafinsa tare da na sauran jama'a. Ka zauna gaban kwamfutar ka tarar da hoton fasfo ɗin wane, takardar haihuwar wance, difloma, katin ɗan ƙasa, duk a zube, kowa ya zo ya kalla. Mun ba mutum makullin rumbu muna yi masa godiya. Ban ce yaran nan mugaye ba ne, da yawansu taimako suke yi, kuma ba don su ba da dattawanmu ba su cika ko takarda ɗaya ba. Amma ba wanda ya taɓa koya musu cewa abin da ke hannunsu amana ce, mu ma ba mu taɓa nema ba.

Da saƙon ya buɗe, matar ba ta ce wa Baba ƙarya ne ba. Tambayoyi ta yi ta yi masa. Wa ya turo? Ta nuna masa adireshin mai saƙon, ta ce na gwamnatin Amurka da .gov yake ƙarewa, wannan kuwa irin wanda kowa zai iya buɗewa ne. Me ya sa suke gaggauta ka? Sannan ta buɗe shafin ma'aikatar harkokin waje ta sa na karanta masa da bakina: gwamnati ba ta aiko wa kowa imel ko wasiƙa cewa ya ci lotari, mutum da kansa yake dubawa da lambar shaidar da aka ba shi ranar da ya cika. Ta ce ina lambar? Baba ya yi shiru. Lambar tana hannun wanda ya cika wa yaron takarda a gida. Shi da kansa ya girgiza kai ya ce, "Ashe ɓarayi ne." Kuɗin da ya tara a tsaye bakin titi cikin sanyi ya tsira. Kafin mu tashi ta sa ya canja lambar sirrin, ta sake juya baya, ta kuma nuna masa yadda ake fita daga imel, ko da yake kwamfutar da kanta tana share komai idan lokacin mutum ya cika.

Daga baya na gane tarbiyyar sana'arsu ce haka. Jihar Niyok tana da dokar da ta mai da bayanan masu amfani da ɗakin karatu sirri. A 2005 ma'aikatan ɗakin karatu huɗu a jihar Konektikat sun samu takarda daga hukumar FBI, ƙarƙashin dokar tsaro da aka yi bayan harin 11 ga Satumba na 2001, ana neman bayanan wanda ya yi aiki da wata kwamfuta, aka kuma hana su gaya wa kowa. Suka ƙi bayarwa, suka tafi kotu, a 2006 gwamnati ta janye. Ku duba fa, sirrin mutumin da ba su ma sani ba suke karewa. Ɗakin karatun Niyok yana da rassa 92 a Manhatan, Buronks da Staten Ailan, katin shiga kyauta ne, darasin kwamfuta kyauta ne, tun 2021 ma sun daina cin tarar wanda ya makara da littafi.

Ba komai nasu ne ya kwanta mini ba. Na je da ɗana, na ga yara sun cika kwamfutoci suna wasa, ba mai tsawata musu. Akwai manhajar tacewa a kwamfutocin da ke toshe hotunan batsa, wata doka ta 2000 ce ta ɗora wannan sharaɗi kan duk ɗakin karatun da ke karɓar tallafin intanet na gwamnati, Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2003, kuma babba na iya neman a cire masa. Amma bayan wannan, cewa suke lura da yaro aikin iyayensa ne. Wannan ya yi mini ciwo. A Tawa duk babban da ya ga yaro ya kauce zai ja masa kunne, ko bai san ɗan wa ne ba, kuma uban ya zo ya yi godiya. Nan kowa da nasa. Ga lokacin kwamfutar a ƙayyade, kana tsakiyar cika takarda ya ƙare. Na zagaya kantocin littattafai ina neman na Hausa, ban yi katari da ko ɗaya ba a reshenmu. Ranar na tuna fadarmu bayan la'asar, shayi na tafasa, cuku na zagayawa, har ƙwalla ta taru mini.

Sai dai ita fadar ma ina da magana da ita. Vokal nawa kuke turo mini a rana? Wai maganin hawan jini, wai an kai hari gari kaza da hoton da ba a san ƙasar da aka ɗauke shi ba, wai ka tura wa mutum goma ka samu mega kyauta. Ba mai tambayar wa ya faɗa, yaushe, a ina. Mu da aka karantar da mu tun muna allo cewa idan fasiƙi ya zo da labari a bincika! Wani ya kira ya ce ka ci kyauta, karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ka karanto, kuɗinka ya tafi, sai a ce ƙaddara.

Doka ba ta rasa mu ba. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP da ke kula da ita, ga dokar laifukan intanet ta 2019 wadda tura ƙarya zai iya kai mutum gaban alƙali a kanta. Abin da muka rasa shi ne mai zama kusa da tsoho ya nuna masa da haƙuri. Ga ɗalibai cike da Jami'ar Djibo Hamani, ga gidan matasa, ga masallatai. Tebur ɗaya da kwamfuta ɗaya ranar Asabar ya isa a fara.

Kai kuma ƙanena, idan ka karanta wannan, ka je wajen wanda ya buɗe wa Inna lambar da nake turo mata kuɗi. Ku zauna ta canja lambar sirrin da hannunta, wadda za ta iya riƙewa a ka, kada ta zama shekarar haihuwa. Duk wanda ya cika lotari a gidanmu ya karɓo lambar shaidarsa ya ajiye wurinsa. Ka gaida mini Inna da su Gwaggo, ka kira ni idan kun gama.