Nonon uwa ko ɗigon probiotic (ƙwayoyin bakteriya masu amfani ga hanji) na kemis?

Tun 1899 wani likita Henry Tissier ya gano Bifidobacterium, wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani, a Faransa, a cikin kashin jarirai masu shan nono fa, ba wani wuri ba. Aikinsu shi ne su cinye wani irin suga na nonon uwa wanda shi kansa jaririn baya iya narkarwa, sai su fitar da tsami a hanji, toh irinsu E. coli da Salmonella masu kawo gudawa basa jin daɗin wajen sam.

Shi ɗigon kemis ƙwayoyin kawai zai kawo miki, kala ɗaya ko biyu, ga tsada ga wasu sai an ajiye a firij, da wannan wutar tamu kuwa hmm. A 2023 ma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka tayi gargaɗi kan ba bakwaini irin wannan bayan wani jariri ya rasu.

Nono kuwa abincin ƙwayoyin ne, ga garkuwar jiki a ciki kuma kyauta, shi yasa WHO tace wata 6 zalla ko ruwa banda. Ni dai nono na zaɓa, ɗigon sai in likita ne ya rubuta.